Frank Anthony (1908–1993): Jagoran 'Yan Ruwa Biyun Indiya a Lokacin da Turawa Suka Naɗe Tabarmarsu

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Sai dai ba kowa ne ke jin sauyin kiɗa da wuri ba, balle wanda ya daɗe yana taka rawa iri guda. A ranar 15 ga Agusta, 1947, mulkin Ingila ya zo ƙarshe a ƙasar Indiya. Miliyoyin mutane suka fita tituna suna murna, Turawan mulki kuwa suka ɗaure kayansu, suka nufi tashoshin jiragen ruwa. Tsakanin masu murna da masu tafiya akwai wata 'yar ƙaramar al'umma da ta rasa inda za ta sa kanta. Kakanninsu maza Turawa ne, kakanninsu mata kuwa Indiyawa. Turanci suke yi a ɗakin uwa, addinin Kirista suke bi, tufafin Turawa suke sawa, amma akasarinsu ba su taɓa ganin Ingila da idonsu ba. Su ne ake kira 'yan Angulo-Indiya. Wannan tarihi ne na mutumin da ya riƙe ragamarsu a wancan mawuyacin lokaci, wato Frank Anthony.

Asalin Al'ummar

Kafin mu shiga rayuwarsa, ya kamata mai karatu ya san inda mutanensa suka fito. Turawan Ingila sun fara shiga Indiya da sunan fatauci, a ƙarƙashin Kamfanin Gabashin Indiya da aka kafa a 1600. A wancan zamani tafiya daga Landan zuwa Indiya takan ci watanni a kan teku, matan Turawa kuwa ba safai suke yin ta ba. Saboda haka sojoji da akawunan kamfanin suka riƙa auren matan ƙasa. Da farko kamfanin ya yi na'am da haka, har a 1687 shugabanninsa suka aika wa wakilansu na Madaras da umurnin a riƙa ba duk matar da ta haifa wa sojan kamfanin ɗa kyautar tsabar zinariya guda, wadda ake kira fagoda, ranar da aka yi wa jaririn baftisma.

Da 'ya'yan suka yi yawa, sai kamfanin ya juya musu baya. A 1791 aka hana su manyan muƙaman kamfanin, a 1795 kuma aka hana su aikin soja, in ban da zama 'yan badujala ko masu sa wa dawaki takalmin ƙarfe. Abin ya dame su har a 1830 suka tura wani mutuminsu, John Ricketts, ya kai kuka gaban Majalisar Dokokin Ingila, amma bai dawo da wani abin a zo a gani ba.

Zuwan jirgin ƙasa ne ya sake buɗe musu ƙofa. A 1853 jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bombai zuwa Thane, kuma bayan babban boren 1857, wanda akasarinsu suka mara wa Turawa baya a cikinsa, gwamnati ta ga cewa ga mutanen da za ta iya amince wa. Aka ɗora su kan reluwe, da gidan waya da tangaraho, da kwastan, da 'yan sanda. Mazansu suka zama direbobin jirgi da shugabannin tasha, matansu kuwa suka yi suna a aikin jinya da koyarwa da buga tafireta. Suka zauna a barikokin reluwe, da majami'unsu da makarantunsu da wuraren shaƙatawarsu. Bature yana ganinsu ƙasa da shi, bai yarda su shiga kulob ɗinsa ba. Ba'indiye kuwa yana ganinsu 'yan koren mai mulki. Suka zama tamkar jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ma haka.

Hatta sunan da suke amsawa yana da nasa tarihin. A ƙarni na 19, in an ce Angulo-Indiya, ana nufin Baturen Ingila tsantsa da ya daɗe a Indiya ko aka haife shi a can, irin Gwamna Lugga da muka sani a nan, wanda aka haifa a Madaras a 1858. Su kuwa 'yan ruwa biyu da wasu sunaye ake kiransu, waɗanda ba sa so. Sai a ƙidayar 1911 gwamnati ta amince a hukumance a riƙa kiransu da wannan suna.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Frank Anthony ranar 25 ga Satumba, 1908, a Jabalpur da ke tsakiyar Indiya, garin da yake mahaɗar layin dogo kuma mazaunin soja, inda 'yan Angulo-Indiya suke da yawa. Ya yi karatu a ƙarƙashin Jami'ar Nagpur, sannan ya ƙetare zuwa Landan ya karanci shari'a a makarantar lauyoyi ta Inner Temple. Da ya kammala ya komo gida, ya kama aikin lauya a garinsu, inda ba da jimawa ba aka san shi da kaifin harshe da rashin tsoro a gaban alƙali. Wannan tafiya ta Landan tana da muhimmanci a labarinsa. Yawancin mutanensa suna kiran Ingila gida alhali a hoto kawai suka san ta. Shi kuwa ya je, ya zauna, ya gani, ya kuma dawo.

Ɗaukar Ragama

Shugaban al'ummar kafin shi shi ne Sir Henry Gidney, likitan ido kuma tsohon hafsan soja a sashen lafiya, wanda ya wakilce su a tarurrukan da aka yi a Landan tsakanin 1930 da 1932 kan makomar Indiya. Ƙoƙarinsa ya taimaka wajen sama musu kujeru da kariyar guraben aiki a dokar mulkin Indiya ta 1935. Gidney ya rasu a watan Mayun 1942, sai aka zaɓi Anthony ya shugabanci Ƙungiyar 'Yan Angulo-Indiya ta Ƙasa Baki Ɗaya, alhali bai cika shekara 35 ba. A shekarar ce kuma ya shiga majalisar dokoki ta tsakiya a Delhi.

Lokacin ba na wasa ba ne. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a watan Agustan shekarar Mahatma Gandhi da jam'iyyar Kwangires suka ƙaddamar da gangamin neman Turawa su fice daga ƙasar. Ma'aikatan reluwe 'yan Angulo-Indiya kuwa, da yawansu an sa su cikin rundunar ko-ta-kwana da gwamnati kan yi amfani da ita wajen murƙushe zanga-zanga. Ke nan in Bature ya tafi, su za a bari da waɗanda aka sa su daka. Ga shi ba su da yawa: ƙidayar 1941 ta ce sun kai kimanin 140,000, ko da yake shugabanninsu sun ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba, masu ƙiyasi kuma kan kai su wajen 300,000. Ko wanne aka ɗauka, ɗigo ne a cikin teku, a ƙasar da mutanenta suka doshi miliyan 400.

Hanyoyi Uku

Hanyoyi uku ne a gabansu. Ta farko ita ce su nemi yanki nasu na kansu. An riga an gwada haka tun 1933, lokacin da wani ɗan kasuwar Kalkata, Ernest McCluskie, ya samo fili mai faɗin kimanin eka 10,000 a lardin Bihar, aka kafa garin McCluskieganj. Ɗaruruwan iyalai suka koma can, amma mutanen da suka saba da inji da ofis ba su iya rayuwar noma ba, garin kuma bai zama abin da aka yi fata ba. Hanya ta biyu ita ce ƙaura zuwa Ingila. Ta uku ita ce su zauna, su rungumi Indiya a matsayin ƙasarsu.

Anthony ya zaɓi ta ukun, ya kuma zagaya rassan ƙungiyarsa yana wa'azinta. Abin da ya riƙa nanata musu shi ne su riƙe al'ummarsu da harshensu da al'adunsu da hannu biyu, amma su san cewa ƙasarsu Indiya ce, kuma gwargwadon amanar da suka riƙe mata, gwargwadon yadda za ta riƙe su. Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Akwai waɗanda suka ɗauke shi mai sayar da su ga Kwangires, domin mutumin da aka rene shi a kan cewa shi kusan Bature ne, da wuya ya yarda a dare ɗaya cewa shi Ba'indiye ne.

Ba a daɗe ba gaskiyarsa ta fito. A 1946 gwamnatin Ingila ta turo ministoci uku su tsara yadda za a miƙa mulki. Tsarin nasu ya kasa mutanen ƙasar gida uku wajen zaɓen majalisar da za ta rubuta kundin tsarin mulki: Musulmi, da mabiya addinin Sikh, da sauran jama'a. Ba a ware wa 'yan Angulo-Indiya ko kujera ɗaya ba. Mutanen da suka yi wa Ingila hidima tsara bayan tsara, suka yi mata yaƙi sau biyu a yaƙin duniya, aka manta da su ranar rabo. Wannan ciwo bai bar zuciyar Anthony ba, shi ya sa littafin tarihin al'ummarsa da ya wallafa a 1969 ya sa masa suna Britain's Betrayal in India, wato cin amanar da Birtaniya ta yi a Indiya.

A Majalisar Rubuta Tsarin Mulki

Da ya ga ƙofar Landan ta rufe, sai ya ƙwanƙwasa ta Delhi. Ya gana da Gandhi, da Jawaharlal Nehru, da Sardar Patel, kuma Kwangires ta ba al'ummarsa gurbi daga cikin nata rabon. Ranar 9 ga Disamba, 1946, da majalisar ta yi zamanta na farko, shugaban riƙo, Dakta Sachchidananda Sinha, ya naɗa Anthony mataimakinsa. A shekarar ce kuma ya kasance cikin tawagar Indiya zuwa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya shiga kwamitin da ke duba haƙƙin tsiraru a ƙarƙashin Patel, kuma a nan ya yi babban aikin rayuwarsa.

Kundin da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950, ya ba wannan ƙaramar al'umma abubuwan da ba kowace al'umma ta samu ba. Sashe na 366 ya fayyace wane ne ɗan Angulo-Indiya: wanda mahaifinsa ko wani kakansa ta wajen uba ya fito daga tsatson Turai, kuma aka haife shi a Indiya ga iyayen da ke zaune a ƙasar dindindin. Sashe na 331 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa mutum biyu daga cikinsu zuwa majalisar wakilai ta tarayya, wadda suke kira Lok Sabha, domin a warwatse suke, babu mazaɓa ko ɗaya da za su iya ci da ƙuri'arsu. Sashe na 333 ya yi irin wannan tanadi a majalisun jihohi. Sashe na 336 ya kare musu guraben aikinsu a reluwe da kwastan da gidan waya, amma ana ragewa da kashi 10 cikin 100 duk shekara biyu, har a daina bayan shekara goma. Sashe na 337 kuma ya ci gaba da ba makarantunsu tallafi na shekara goma, bisa sharaɗin su buɗe aƙalla kashi 40 cikin 100 na gurabensu ga 'ya'yan sauran al'ummomi.

Mai karatu ya lura da wa'adin nan na shekara goma. Anthony lauya ne, ya san abin da ya sa wa hannu. Ya san kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar ƙarewar gatan tana tafe. Saboda haka ya karkata ga abu biyu da yake ganin su ne gadon mutanensa na haƙiƙa: harshe da makaranta.

Gwagwarmayar Harshe da Makaranta

Jarrabawar farko ta zo a 1954, lokacin da gwamnatin jihar Bombai ta ba da umurnin cewa makarantun da ke koyarwa da Turanci kada su ɗauki kowa sai 'ya'yan Angulo-Indiya da waɗanda ba 'yan asalin Asiya ba. Tarko ne mai baki biyu. In makarantun suka bi umurnin, ɗalibansu sun ƙare, kuma sun saɓa sharaɗin kashi 40 na tsarin mulki. In suka ƙi bi, jiha ta janye musu hannu. Aka tafi kotu, Anthony yana sahun gaba, kuma a shekarar Kotun Ƙoli ta soke umurnin. Hukuncin ya zama garkuwa ga makarantun tsiraru na kowane addini da harshe a ƙasar.

Ta biyu ta shafi matsayin Turanci kansa. Tsarin mulki ya ce Hindi ne harshen hukuma, Turanci kuwa za a ci gaba da aiki da shi na shekara 15 kawai, wato zuwa 1965. A 1959 Anthony ya gabatar da ƙuduri a majalisa yana neman a sa Turanci cikin jerin harsunan da tsarin mulki ya amince da su, bisa hujjar cewa shi ne harshen uwa na wata al'umma ta 'yan ƙasa. Ƙudurin bai zama doka ba, amma a muhawararsa ce Nehru ya yi alkawarin cewa za a ci gaba da aiki da Turanci muddin mutanen yankunan da ba sa jin Hindi suna bukatarsa. Dokar harsunan hukuma ta 1963 da gyaran da aka yi mata a 1967 sun bi wannan turba. Wato kukan da ƙaramar al'umma ta yi don kanta ya share hawayen miliyoyin mutanen kudancin Indiya.

Sai kuma gini. A 1958 aka kafa hukumar jarrabawar kammala sakandare da ta gaji jarrabawar Kambirij a Indiya, kamar yadda hukumar jarrabawar Afirka ta Yamma ta gaje ta a ƙasashenmu. Anthony ne shugabanta na farko, abokin tafiyarsa a majalisa, A.E.T. Barrow, yana riƙe da sakatariya. A yau fiye da makarantu 2,000 ne ke ƙarƙashinta. Haka kuma asusun ilimi na ƙungiyarsa ya gina manyan makarantu uku masu ɗauke da sunansa: ta Delhi a 1959, ta Kalkata a 1965, ta Bangalore a 1967.

Waɗanda Suka Tafi da Waɗanda Suka Zauna

Duk da wa'azinsa, dubban mutanensa sun yi ƙaura. Na farko sun nufi Ingila a ƙarshen shekarun 1940 da cikin shekarun 1950, inda da yawa suka tarar cewa a gidan da suke mafarki, baƙi ake ɗaukarsu, Indiyawa ake kiransu. Daga baya wasu suka nufi Kanada da Ostireliya, bayan ƙasar ta sassauta dokarta ta fifita farar fata. Barikokin reluwe suka zama kufai, McCluskieganj ya koma garin tsofaffin gidaje.

Waɗanda suka zauna kuwa sun nuna cewa maganar jagoransu ba tatsuniya ba ce. Leslie Claudius ya ci wa Indiya lambar zinariya sau uku a wasan hoki na gasar Olamfik, a 1948 da 1952 da 1956. 'Yan'uwan nan biyu, Trevor da Denzil Keelor, matuƙa jiragen yaƙi, kowannensu ya sami lambar jarumtaka a yaƙin 1965. Denis La Fontaine ya zama babban hafsan sojan sama na ƙasar daga 1985 zuwa 1988.

Inda Aka Soke Shi

Ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. An soki Anthony da cewa ya riƙe ƙungiyar fiye da shekara 50 ba tare da barin wani ya ɗaga kai ba. An soke shi da ƙin karɓar jikokin Turawan Fotugal na jihar Kerala a matsayin 'yan'uwa, don kawai ba Turanci ne harshen gidansu ba, alhali sashe na 366 tsatson Turai ya ambata, bai ce Ingila kaɗai ba. Wanda ya sha ɗacin wariya, ga shi yana gitta wa wasu shinge. An kuma ce makarantun da ya gina sun fi amfanar 'ya'yan masu hali na sauran al'ummomi, yayin da talakawan Angulo-Indiya ke fama a lungunan Kalkata. Ita ma ma'anar da tsarin mulki ya bayar ta bar baya da ƙura, domin ta wajen uba kawai take bi. In macensu ta auri wani daga waje, 'ya'yanta sun fita daga lissafi, ko da a bakinta suka koyi harshen.

Rasuwarsa da Abin da Ya Biyo Baya

Anthony ya zauna a majalisar wakilai tun daga 1952, in ban da zango biyu da ba a naɗa shi ba, wato wanda ya fara a 1977 da wanda ya fara a 1989. Bai kuma ajiye rigar lauya ba, har ya kasance cikin masu kare Indira Gandhi a ƙarshen shekarun 1970, bayan ta faɗi zaɓe. Ya rasu a Delhi ranar 3 ga Disamba, 1993, yana da shekara 85, yana ɗan majalisa kuma shugaban ƙungiyarsa.

Gatan aiki da tallafin makarantu sun ƙare tun 1960 kamar yadda aka tsara. Kujerun majalisa kuwa an yi ta sabunta wa'adinsu duk shekara goma, har zuwa Disamban 2019, lokacin da majalisa ta yi wa tsarin mulki gyara na 104 ba tare da sabunta su ba, suka ƙare a Janairun 2020. Ministan shari'a na lokacin ya kafa hujja da ƙidayar 2011 cewa mutum 296 kacal suka rage, adadin da shugabannin al'ummar suka yi fatali da shi.

Kammalawa

In aka auna rayuwar wannan bawan Allah, za a ga duk abin da ya roƙo aka ba mutanensa ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya, abin da suka gina da hannunsu kuwa yana nan. Kujera ta tafi, gurbin aiki ya tafi, amma kowace safiya ana kaɗa ƙararrawa a makarantun da ya kafa, yaran Hindu da Musulmi da Sikh da Kirista suna shiga aji ɗaya. Ya sami mutanensa suna kiran ƙasar da ba ta san su ba gida, ya koya musu cewa mutum na iya riƙe asalinsa ba tare da ya raina ƙasar da ya buɗe ido a cikinta ba. Duk wanda ke renon 'ya'ya nesa da mahaifarsa, ko wanda 'ya'yansa suka haɗa jinin gida biyu, wata rana zai ji suna tambayar su wane ne su. Ranar da tambayar ta zo, amsar da Frank Anthony ya ba mutanensa ta cancanci a tuna da ita.